Injin Da Aka Taɓa Ba A Saita Ba

Jawabin da kwamitin makanikai na ƙungiyarmu ya gabatar wa direbobi da masu motoci a Sabo, Ibadan



Shugaba ya umurce mu da mu yi wa jama'a bayanin abin da ya sami motar ƙungiya, tun da dai da kuɗin jama'a aka saye ta, da kuɗin jama'a kuma aka gyara ta. Mun ga bai kamata mu tsaya a kan ba da haƙuri kawai ba. Abin da ya cinye injin nan yana nan yana cin na wasu a cikin zauren nan, ba su sani ba. Saboda haka za mu faɗi yadda aka yi, kana mu faɗi dalili.

Kowa ya san bas ɗinmu ta gaji. Aka yi shawara, aka je aka sayo mata injin tokumbo wanda ya ɗan fi nata na asali girma. Mu ɗin nan muka ɗora shi da hannunmu. Sai dai kwamfutar motar, wadda muke kira ƙwaƙwalwa, da nozul-nozul ɗin mai da famfon mai, duk na tsohon injin muka bari, don kuɗin bai kai a sayo nasa ba. Aka tayar, ta tashi bugu ɗaya. Muka zaga da ita Mokola, muka gangara Dugbe, muka hau Ojoo muka dawo, tana tafiya kamar sabuwa. Direba ma har cewa ya yi ta rage shan mai, muka yi ta murna. Muka ce idan an dawo daga tafiyar ɗaurin aure a kai ta a saita. Ranar tafiya aka cika ta da mutane da kaya, da rana tsaka ta wuce Ilori. A wani hawa kafin a kai Jebba direba ya ji wata 'yar ƙara ƙas-ƙas-ƙas, ya duba allurar zafi ya ga tana nan daidai, ya ƙara taka totur don ya gama hawan. Ba a kai saman tudun ba ƙarfi ya tafi, hayaƙi ya turnuƙe. Dattawanmu da mata da yara suka kwana a bakin hanya, a wurin da ba wanda yake son ya kwana. Da aka jawo ta gida muka buɗe, sai muka tarar fistin ɗaya ya huje, ana leƙa ƙasa ta cikinsa, wani kuma gefensa ya gutsure. Laifin namu ne, ba na direba ba, ba kuma na wanda ya sayar mana da injin ba. Mun sake ta a hanya ba mu auna abin da take sha ba.

To, jama'a, ga yadda abin yake. Injin fetur ba fetur kaɗai yake sha ba. Bilhasali ma abin da ya fi sha iska ce. Kafin fetur ya ƙone ƙurmus, kowane kilo 1 nasa yana bukatar iska kilo 14.7. Idan aka mai da shi lissafin da muka saba, lita 1 ta fetur tana tafiya da iska wajen lita 9,000. Aikin kafireta a tsofaffin motoci, da aikin ƙwaƙwalwa da nozul a na yanzu, shi ne su riƙa gauraya waɗannan biyun daidai gwargwado. Idan mai ya yi yawa, kowa ya san alamar: baƙin hayaƙi, filogi ya yi baƙi, tanki ya riƙa ƙarewa da wuri. Wannan asarar aljihu ce, kuma ana ganinta. Idan kuwa iska ce ta yi yawa mai ya yi kaɗan, shi ne abin da muke kira ƙishin mai, kuma shi ba ya hayaƙi. Inji ma sai ya fi daɗin sauraro.

Akwai wani abu da yawancinmu ba mu lura da shi ba. Wannan 14.7 ɗin na tafiyar sannu ne, da tsayuwa a go-sulo, da shimfiɗaɗɗiyar hanya wadda ƙafa ba ta danne totur ba. Da zarar an danne totur, ko an ɗauki kaya ana hawan tudu, masu ƙera injin da gangan suke sa shi ya sha mai fiye da wanda zai iya ƙonawa, wato wajen 12.5 zuwa 13 na iska ga 1 na mai. Idan injin mai tabo ne, watau na'urar nan da ke cusa masa iska da ƙarfi, har ƙasa da 12 ake sauka. Wani zai ce ai wannan ɓarna ce. Ba ɓarna ba ce. Rarar man nan, yayin da yake zama tururi a cikin silinda, yana kwashe zafi, kamar yadda tulu ke sanyaya ruwa saboda raɓar da ke fita ta jikinsa tana bushewa. Wato man nan biyu ne aikinsa, ga wuta, ga sanyi. Wanda ya rage shi a lokacin da inji yake cikin tsananin aiki, sanyin ya ɗauke, wutar tana nan.

Daga nan sai abu na biyu ya biyo baya. A ƙa'ida filogi ne yake kunna wuta, ta bazu a cikin silinda a tsanake, ta tura fistin ƙasa. Idan ciki ya yi zafi fiye da kima, ragowar gaurayen da wutar ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa, farat ɗaya. Maimakon turi sai ya zama duka, kamar ana buga wa fistin guduma. Ita ce ƙarar da direbanmu ya ji, mai kama da ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani. A nan sai mu yi hattara da harshe, domin a tasha idan aka ce inji ya yi nokin, ana nufin ya buga ya tsaya ke nan. Wannan da muke faɗi ƙwanƙwasa ce tun inji yana da rai, gargaɗi ne yake yi. Idan aka ƙyale ta, tana goge 'yar siririyar iskar da ke kare saman fistin daga wuta, tana fasa gefen da zobba suke zaune, tana cin gasket, tana kuma dukan metal na ƙasa. In abin ya ci gaba, bakin filogi ko wata daudar da ta daskare a ciki sai ta yi ja kamar garwashi, ta riƙa kunna wuta tun fistin yana kan hanyarsa ta hawa, kafin filogi ya yi tartsatsi. Wannan ita ce mai huda fistin, kuma ba ta bukatar awa guda, a cikin 'yan daƙiƙoƙi take gama aikinta. Fistin da alminiyam ake yinsa, irin na tukwanen da ake zubawa a maƙera. Alminiyam tsantsa yana narkewa a ma'aunin zafi 660, wanda ake yin fistin da shi ma bai kai haka ba, kuma tun kafin ya narke ya riga ya yi laushi. Wutar da ke ci a kansa kuwa ta haura 2,000.

Me ya sa allurar zafi ba ta nuna ba? Don ita zafin ruwan lagireto take aunawa, ba zafin kan fistin ba. Kafin labari ya iso wurin ruwa, an riga an yi jana'iza.

Yanzu bari mu zo kan abin da ke jefa inji cikin wannan hali a garejojinmu. A Turai da Amurka samari ne ke taɓa inji don tsere, su ƙara masa tabo, su buɗe salansa, sannan su kai shi wurin mai saiti. Mu nan ba tsere ya dame mu ba, neman sauƙi ne, amma injin bai san bambanci ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ba da sanarwar cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta doshi 500 cikin 'yan kwanaki, a Oktoban 2024 kuma ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Tun daga lokacin, maganar da muka fi ji a bakin masu mota ita ce, "Malam, a rage mata mai." Mai kafireta yana so a sa masa ƙaramin jet, wani har waya ake cusa masa a cikin ramin jet ɗin don ya tsuke. Mu kuma, mu faɗi gaskiya, muna yi, don in ba mu yi ba na gaba da mu zai yi. A cikin gari ba za ka ga komai ba sai daɗi. Ranar da aka ɗora mata buhunan goro ko na albasa aka nufi hanya, ranar take biyan bashin duk man da aka hana ta.

Canjin inji irin wanda muka yi shi ya fi kowanne haɗari, don haka bari mu ɗan tsaya a kansa. Ƙwaƙwalwar mota iri biyu ce. Wata tana da ma'auni a kan bututun iska, tana auna ainihin iskar da ta shiga. Wata kuma ba ta aunawa kai tsaye, lissafi take yi: ta duba matsin iska a manifol, ta duba gudun inji, ta ce inji mai girma kaza a irin wannan hali iska kaza yake ja. To idan an rubuta mata lissafin inji mai lita 2.0, ka ɗora mata mai lita 2.4, ka ƙara iska da kashi 20 cikin 100 ba da saninta ba. Za ta ci gaba da ba da abincin yaro ga ƙato. Ko da irin mai aunawar ce, nozul da famfo suna da iyakarsu, in an kai ƙarshen abin da za su iya zubawa shi ke nan, komai umurnin da ƙwaƙwalwa ta bayar.

Wani zai tambaya, to ina amfanin sansar da ke jikin salansa, ba ita ke gyara wannan ba? Tana gyarawa, amma a tafiyar sannu. Ita ce take shinshina hayaƙi ta gaya wa ƙwaƙwalwa a ƙara mai ko a rage, shi ya sa bas ɗinmu ta yi lafiya a Mokola da Dugbe. Sai dai gyaran yana da iyaka, yawanci bai wuce kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ba. Babbar magana kuma ita ce, a yawancin motocin da muke hawa, da zarar an danne totur ƙasa, ƙwaƙwalwa tana daina sauraron sansar nan, ta koma kan lissafin da aka rubuta mata tun daga kamfani. Wato a daidai lokacin da ake tsananin bukatar mai gadi, a lokacin yake tashi daga aiki. Akwai kuma wata sansa a jikin bulok mai jin ƙwanƙwasa, wadda in ta ji sai ƙwaƙwalwa ta ja wutar filogi baya don a tsira. A tamu motar soket ɗinta bai dace da wayarin ɗin tsohon injin ba, muka naɗe shi da salatif muka tura gefe.

Sauran hanyoyin ba sai mun daɗe a kansu ba. Akwai mai cire matatar iska gaba ɗaya don wai inji ya numfasa, a mai kafireta wannan yana ƙara ƙishi, ga kuma ƙurar hunturu tana shiga tana cin silinda. Akwai robar iska da ta tsage aka ɗaure da ƙyauren tayar keke, iska tana satar hanya ta bayan ma'auni. Akwai famfon mai na arha wanda ba ya kai matsin da nozul ke so, alhali yawancin motocin injekta wajen ba 3 suke bukata. Akwai matatar mai da ta toshe da dattin man bumburutu. Game da abin nan na cikin salansa da ake kira indomi, wanda wasu ke cirewa su sayar, mu a ganinmu cire shi kaɗai ba kasafai yake kashe inji ba, ko da yake yana sa makwabta shaƙar guba. Ɓarnar tana zuwa ne idan mai walda ya ƙona sansa ko ya yanke wayarta. Shi kansa man ma yana iya jawo abin: waɗanda suka sha gurɓataccen fetur ɗin da aka shigo da shi a Fabrairun 2022, mai sinadarin metanol fiye da ƙa'ida, sun tuna yadda motoci suka riƙa shaƙewa. Metanol iskar da yake bukata ba ta kai rabin ta fetur ba, don haka inji da aka saita wa fetur, in ya sha shi, ƙishi yake ji.

Ga wata kuma da ta shafe mu musamman, mu da kullum muke tsakanin gida da nan. Iskar kan tudu ta fi ta bakin teku sauƙi. Jos tana sama da teku da wajen mita 1,200, iskarta ta fi ta Legas rashin nauyi da fiye da kashi 10 cikin 100. Motar kafireta da aka rage wa mai a Jos har ta zauna daidai a can, tana gangarowa Ikko ta sami iska mai kauri, jet kuwa yana nan yadda yake. Tsofaffin direbobin Fijo 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, sun san haka ko da ba su karanta a littafi ba, shi ya sa za ka ga mutum ya tsaya ya buɗe bonet ya ɗan taɓa sukurun kafireta in ya sauko kudu.

'Yan uwanmu masu tirela da ke kai shanu Akinyele da Legas, wannan magana ba taku ba ce. Injin dizal a kullum da rarar iska yake aiki, haka aka ƙera shi. Ku abin da ke ƙona muku inji kishiyar wannan ne, wato a buɗe famfon injekta mai ya yi yawa, baƙin hayaƙi ya riƙa tashi. Wannan sai wani zama.

Amma masu mai da motarsu ta koma shan iskar gas, wadda ake kira CNG, ku matso kusa. Ɗora tukunya da bututu rabin aiki ne. Gas tana son iska wajen kashi 17 ga 1, kuma da yake ita a iska take shiga, ba ta da wannan sanyayawar da fetur ke yi. Ba ta cika ƙwanƙwasa ba, gaskiya ne, amma bawul-bawul na fitar hayaƙi suna shan zafi, in kuma saitin ya karkata wajen ƙishi sai su ƙone ko su nutse a mazauninsu. Dole mai haɗawa ya jona kwamfuta ya daidaita ta, a tsaye da kuma a kan hanya. In ya ce maka, "Je ka fara aiki, ka dawo mako mai zuwa a saita," ka gaya masa ka ji labarin bas ɗin Sabo.

To mene ne abin yi? Mu abin da muka tsayar wa kanmu a garejojin 'yan ƙungiya shi ne, duk injin da aka canja, ko aka taɓa masa hanyar iska, ko ta mai, ko salansa, tafiyarsa ta farko wurin awo ce. A tafi a hankali, ba kaya, ba fasinja, ba danne totur, ba jan tudu da babbar giya. Jan tudu da babbar giya inji yana gurnani shi ne ya fi komai kawo ƙwanƙwasa, gara a sauko giya ya yi ƙara da sauƙin nauyi. Motocin da aka ƙera don Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, duk suna da soket, yawanci a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike. Yaranmu da yawa suna da ita yanzu, wasu ma da wayar hannu suke karantawa. A duba yawan man da ƙwaƙwalwa take ƙarawa don cike giɓi: in ya wuce kashi 10 cikin 100, akwai magana. In lamba P0171 ko P0174 ta fito, motar ce da bakinta take cewa tana jin ƙishi. Kada a goge lambar a ce an gyara, kada kuma a cire ƙwan fitilar gargaɗin, kamar yadda muka sha gani a motocin da aka shirya don sayarwa. A auna matsin famfon mai da geji, ba da babban yatsa a bakin tiyo ba. Inda aka yi babban canji kuwa, sai an sami mai ma'aunin hayaƙi na musamman wanda ke nuna ainihin lambar gaurayen, a hau hanya da shi a ga abin da yake nunawa lokacin da aka danne totur, domin sansar da ta zo da yawancin tsofaffin motoci "ya yi yawa" da "ya yi kaɗan" kawai ta sani.

Mai kafireta da ba shi da soket, filogi ne shaidarsa. Amma ba filogin da ya yini yana silo a gareji ba. A sa sababbi, a ja motar a kan hawa da ɗan nauyi, a kashe ta nan take a gefen hanya, a kwance a duba. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ne. Fari fat kamar alli, ko bakin ƙarfen ya fara cinyewa, a ƙara jet. In kuwa aka ga ɗige-ɗige kamar an barbaɗa masoro a jikin farin tangaran ɗin, ko 'yan ƙyalƙyali kamar azurfa, to wannan naman fistin ne ya fara tashi, kada motar ta ƙara taku ɗaya da kaya. Mu ƙara da cewa tun da aka daina sa dalma a fetur, filogi ba ya yin launi sosai kamar da, saboda haka fari kaɗai ba hujja ba ce, a haɗa da sauran alamu: inji yana shaƙewa in an taka, yana atishawa ta kafireta, manifol ɗin salansa yana yin ja da dare.

Ku kuma direbobi, mun san halin da kuke ciki. Mai mota yana jiran balas, layi ya zo kanka a tasha, in ka ce sai an saita wani zai ɗauki lodinka. Duk da haka muna roƙonku abu guda: in kun ji tsakuwa a cikin gwangwani, a ɗaga ƙafa, a sauko giya, in ba ta daina ba a tsaya. Iyayenmu masu motoci, in direba ya bugo waya ya ce ya tsaya saboda ƙara, don Allah kada a zage shi. Kuɗin awo da saiti bai kai na fistin ɗaya da zobbansa da gasket ba, balle kuɗin janwe daga Jebba, wanda ma'aji zai karanta muku adadinsa in mun zauna.

Fistin ɗin da ya huje ga shi nan a kan tebur gaban shugaba, mun wanke shi. Duk mai so ya zo ya ɗauka ya leƙa, a miƙa wa na baya su ma su gani. Bas ɗin kuma an sayo mata ƙwaƙwalwa da nozul da famfo na injinta, an jona sansar da muka naɗe da salatif, an auna ta a tsaye. Saura awon kan hanya, wanda za mu yi ranar Asabar bayan sallar Asuba in Allah ya kai mu, a kan titin Oyo, da buhunan yashi a madadin mutane. Akwai wurin mutum uku ga masu son su ga yadda ake yi, sai su ba sakatare sunayensu kafin a tashi.